Amanar Ƙananan Yara da Wajibcin Haɗa Hannu a Kan Tarbiyyarsu a Jihar Kano

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam cikin rauni, sa'an nan Ya sanya tausayinsa a zukatan manya domin su raine shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin wannan mako zai yi magana ne a kan ƙananan yara, watau tun daga ranar haihuwa har zuwa shekara 6, lokacin da yaro ke shiga aji ɗaya na firamare. Waɗannan shekaru su ne aka fi sakaci da su, alhali kuwa a cikinsu ake aza harsashin mutum. Manufar bayanin ita ce a nuna cewa kula da yaro a wannan lokaci amana ce da ta hau kan jama'a duka, kuma jiha mai yawan jama'a irin Kano ba za ta iya sauke ta ba sai ta ɗaure dukkan masu hannu a cikinta da tsari guda.

Matsayin Ƙuruciya a Musulunci

Allah Ta'ala Ya bayyana a cikin Suratun Nahli, aya ta 78, cewa mutum yana fitowa daga cikin mahaifiyarsa bai san kome ba, kuma Shi ne Ya ba shi ji da gani da zuciya domin ya yi godiya. Waɗannan su ne ƙofofin ilmi, kuma a buɗe suke tun ranar farko. Jariri yana koyo tun bai iya zama ba. Yana ɗaukar harshe daga bakin uwarsa, yana ɗaukar hali daga abin da idonsa ya gani a tsakar gida. Imam Buhari da Imam Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa kowane yaro ana haihuwarsa ne a kan fiɗira, kuma iyayensa ne ke karkata shi zuwa inda ya karkata.

Malaman Malikiyya sun daɗe da gane wannan. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni, Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya wallafa shi ne domin a koya wa yara, kuma a gabatarwarsa ya kamanta koyar da ƙaramin yaro da rubutun da aka sassaƙa a kan dutse. Imam Gazali kuma ya keɓe fasali a cikin Ihya'u a kan horar da yara tun farkon tasowarsu, inda ya nuna cewa yaro amana ne a hannun iyayensa, zuciyarsa kuma tana karɓar duk abin da aka zana mata. Hausawa ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Binciken likitoci na wannan zamani ya zo ya ƙarfafa maganar malamai. Sun tabbatar cewa kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai kimanin kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum, kuma kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, su ne mafi muhimmanci wajen abinci da lafiya. Yaron da ya tsumbure a wannan lokaci saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, da wuya ya cike giɓin daga baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa, inda Kano take, adadin ya haura rabi. Mai karatu zai ga hikimar da ke cikin aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, ta kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali.

Hannaye Da Yawa, Babu Igiya Ɗaya

Dokoki da manufofi a kan wannan al'amari akwai su. Dokar ilmin bai-ɗaya ta Tarayya ta 2004 ta shigar da reno da ilmin ƙananan yara cikin ilmi na tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta. A 2007 aka fito da manufar ƙasa ta haɗa sassan kula da ƙananan yara wuri guda. Manufar ilmi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, watau abin da jama'a ke kira rabin aji, tare da ƙa'idar kada yara su wuce 25 ga malami guda. A Jihar Kano an ƙaddamar da shirin ilmi kyauta kuma dole a 2019, a watan Yuni na 2024 kuma gwamnatin jiha ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

To amma idan aka dubi yaro guda ɗan shekara 4 a wata unguwa ko wani ƙauye, za a tarar an raba shi kashi-kashi. Rigakafinsa da awon nauyinsa suna hannun hukumar lafiya a matakin farko. Takardar haihuwarsa, in ma an yi masa, tana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Rabin ajin da ke firamaren unguwarsu yana ƙarƙashin hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha. Makarantar allo da Islamiyyar da yake zuwa da yamma suna da tasu hukumar, makarantun reno na kuɗi suna da tasu, sha'anin marayu da mata kuma yana wata ma'aikatar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya yin aikinsa tsakani da Allah, amma yaron ya faɗa a tsakaninsu. Malamar asibiti ta ga yaro ba ya ji sosai, ba ta da hanyar sanar da malamin da zai karɓe shi baɗi. Malamin allo ya ga kolo ya rame ƙafafunsa sun kumbura, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mai hali yana kai ɗansa makarantar reno tun yana shekara 3, ɗan talaka kuwa sai ya shiga aji ɗaya bai taɓa riƙe fensir ba, a zauna da su a ƙasa su fi ɗari a ɗaki guda, daga baya a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasi Daga Sayyidina Umar

Ibn Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat labarin wani ayarin fatake da ya sauka a masallacin idi na Madina a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare sai Umar ya ji kukan jariri, ya je ya yi wa uwar magana ta lallashe shi. Kukan ya sake tashi, ya sake komawa. A karo na ƙarshe da ya matsa mata da tambaya, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa cewa yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga Baitulmali sai an yaye shi. Da asuba Umar ya ja salla, mutane ba su iya gane karatunsa ba saboda kuka. Da ya sallame sai ya zargi kansa da cutar da 'ya'yan Musulmi, ya sa mai shela ya sanar cewa kada kowa ya gaggauta yaye, an yanka rabo ga kowane abin haihuwa tun ranar da aka haife shi. Sa'an nan ya rubuta wannan umurni zuwa lardunan daula.

Akwai abin lura ƙwarai a cikin wannan labari. Umar ya fara ne da ganin laifin uwa, kamar yadda har yau ake ɗora wa iyaye dukkan laifi. Da ya bincika sai ya tarar ƙa'idar hukuma ce ta sa jaririn kuka, ƙa'idar da aka yi da kyakkyawar niyya. Kuma da ya gane haka bai tsaya ga bai wa matar nan sadaka ya sallame ta ba. Ya gyara ƙa'idar, ya kuma sa gyaran ya game ƙasa duka, yadda jaririn da ke nesa da Madina zai sami abin da na Madina ya samu. Abin da ya sa hakan ta yiwu kuwa shi ne tun farko ya kafa diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen mutane da rabonsu. Wannan shi ne misalin tsarin da ake magana a kai.

Tushen wannan hali yana wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Anas ɗan Maliki ya ruwaito cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, saboda sanin damuwar uwar. Idan har sallar jam'i tana sassautawa saboda yaro ɗaya, lalle kasafin kuɗin jiha da jadawalin ma'aikatu sun fi cancanta su waiwayi ƙananan yara.

A Kan Wa Nauyin Yake?

Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci shugaba da magidanci da matar gida kowa da nasa. Aya ta 6 ta Suratut Tahrimi ta umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta. Saboda haka nauyi na farko yana kan iyaye, babu mai ɗauke musu shi. Amma abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, kamar horar da malamai da gina ɗakunan karatu da gano yaron da ke da lalura, yana shiga cikin abin da malamai ke kira farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kuwa laifi ya hau kan duk mai iko. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da taimakon juna a kan aikin alheri da tsoron Allah. Taimakon juna kuwa ba ya tabbata idan kowa bai san abin da ɗan'uwansa ke yi ba.

Abin da Tsarin Ke Bukata

Abu na farko shi ne sanin yaran. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, tana kuma da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai waɗanda ba a raɗa wa jariri suna ba da saninsu ba. Ranar bakwai, da ake yanka ragon suna, ita ce ta fi dacewa a shigar da sunan yaro cikin rajista, a haɗa wannan rajista da ta asibiti da ta makaranta, domin idan ya cika shekara 5 bai bayyana a rabin aji ba a san gidan da za a je.

Na biyu, a sami majalisa ɗaya a matakin jiha, mai ikon doka da kasafinta, wadda wakilan ilmi da lafiya da sha'anin mata da makarantun Alƙur'ani da masarauta da malamai za su zauna a cikinta, a kuma sami irinta a kowace ƙaramar hukuma. Shawara umurni ce ta Alƙur'ani, amma shawarar da ba ta da mai zartarwa zaman shan shayi ce. Dole a san mutum ɗaya da za a tambaya idan abu ya lalace.

Na uku, a yi yarjejeniya a kan abin da ya kamata yaro ya iya kafin ya shiga aji ɗaya, ko a wace makaranta yake. Malamin allo yana da babbaƙu da farfaru da gajerun surori, malamar rabin aji tana da ƙirga da wasa da tatsuniya da riƙe alƙalami, kuma babu ɗayansu da ke ture ɗaya. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an fanshi wasu fursunoni ne da sharaɗin kowannensu ya koya wa yaran Madina 10 rubutu, abin da ke nuna cewa iya karatu da rubutu bukata ce ta al'umma tun farkon Musulunci. Ladubba kuma su ne kan gaba. Umar ɗan Abu Salama yana ƙaramin yaro hannunsa na yawo a akushi, Annabi ya koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa, shi kuma ya riƙe wannan har ƙarshen rayuwarsa. Ya kamata kuma a yi wa yaro magana da harshen da ya sha a nono, domin da shi yake tunani.

Na huɗu, malamai. Al'ada ta zama ana tura wanda ya fi kowa rauni zuwa ajin ƙananan yara, alhali nan ne aka fi bukatar gwani mai haƙuri. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara, ya iyakance horo, ya wajabta adalci tsakanin ɗan mawadaci da ɗan matalauci. Ibn Haldun kuma ya yi gargaɗi a cikin Muƙaddima cewa tsanani ga ƙananan ɗalibai yana kashe musu zuciya, yana koya musu ƙarya da kasala. Saboda haka a horar da malaman rabin aji da na allo tare, a biya su haƙƙinsu a kan kari, a kuma ajiye bulala daga kan ɗan shekara 4.

Na biyar, uwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar yadda yake a Nurul Albabi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin kuma ta riƙa kai ilmi ga matan karkara. Wannan tsari ne mai shugabanci ɗaya da darasi ɗaya da wakilai a ƙauyuka, kuma mace ce ta gina shi a wannan ƙasa. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika Kano a yau za su iya zama hanyar da za a koya wa iyaye mata shayarwa da haɗa abincin yaye da yi wa jariri hira da gane alamun lalura.

Na shida, kuɗi. Wajibi ne jiha ta riƙa biyan nata kaso a kan kari domin ta karɓi tallafin Tarayya, ta kuma ware wa ƙananan yara rabonsu a sarari yadda jama'a za su gani. Game da zakka, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade sinfi 8 na masu cin ta, kuma a mazhabar Maliku ba a gina makaranta da ita, sai dai a ba iyaye matalauta su ciyar da 'ya'yansu. Ƙofar gini da kayan aiki ita ce wakafi, irin wanda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, da wanda Sayyidina Usman ya yi da rijiyar Ruma. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, tana kuma da attajirai masu son alheri. Mai gina masallaci na huɗu a layi ɗaya ya yi tunani ko ɗakin rabin aji a ƙauyen da ba shi da shi ba zai fi amfani ba.

Amsa ga Masu Shakka

Wasu bayin Allah suna ganin cewa wannan koyi ne da Turawa, kuma hanya ce ta raba yaro da uwarsa. Tsoronsu yana da dalili, domin a fiƙihu uwa ce ta fi kowa haƙƙin reno, kuma duk tsarin da zai mai da gida wurin kwana kawai ya kauce. Amma wanda ake kira zuwa gare shi a nan tsari ne mai ƙarfafa gida, wanda yaro zai yi 'yan sa'o'i a kusa da gidansu ya koma wurin uwarsa. Abin da ke raba yaro da uwa da gaske shi ne a ɗauki kolo ɗan shekara 5 a kai shi wani gari da ƙoƙon bara, ba mai wanke masa kai, ba mai sanin ya kwana da zazzaɓi. Idan an inganta makarantar allo ta garinsu, aka shigar da ita cikin tsari, an toshe wannan ƙofa ba tare da an taɓa karatun Alƙur'ani ba.

Masu cewa abin ba zai yiwu ba kuwa, sai su tuna da cutar shan-inna. A 2003 an dakatar da rigakafinta a Kano saboda shakku, aka koma a 2004. Da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya da masu unguwanni suka haɗu a kan tsari guda, suna bi gida-gida, sai aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar a 2014, a watan Agusta na 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga Afirka. Jama'ar da ta iya kai ɗigon magani bakin kowane yaro za ta iya kai masa allo da littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ana kira ga masu mulki su zauna su ɗaure wannan tsintsiya, ga limamai su yi huɗuba a kai, ga masu unguwanni su san yaran unguwarsu da sunayensu, ga attajirai su buɗe ƙofar wakafi, ga magidanta kuma su tuna cewa abincin mai ciki da mai shayarwa yana gaba da hidimar biki. Yaron da aka haifa a bana ba zai jira a gama taro ba, shekarunsa 6 za su wuce ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma ranar ƙiyama za a tambayi kowane makiyayi.

Allah Ya shiryi zuri'ar Musulmi, Ya raya su a kan imani da lafiya da ilmi mai amfani, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya saka wa iyaye da malamai da mafificin alheri. Amin.